Likita Ya Ce a Raba

Sunansa na gaskiya ya ɓace tun shekarar da ya fara hawa ƙugiyar gini, dogon injin nan mai ɗaga kaya sama. Kowa Na Sama yake ce masa, har matarsa in ta manta. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, wanda in yana ƙasa sai ka kusa tuntuɓe da shi kafin ka lura yana wurin. Amma da ƙarfe bakwai na safe, in ya kama tsanin ƙarfe ya haye matakala ɗari biyu da goma sha huɗu, ya shige ɗan akurkin gilashin da ke maƙale a wuyan ƙugiyar, to duk mai numfashi a filin ginin ya koma ƙarƙashinsa, har Injiniya da farar hular kwanonsa.

Da dako ya fara, bulo a ka, buhun siminti a wuya. Daga nan aka mayar da shi mai ɗaura wa kaya sarƙa, ya shekara shida yana ɗaga kai sama har wuyansa ya ƙi komawa daidai. Tsohon da ya koya masa tuƙin ƙugiya bai cika magana ba, doka ɗaya tak ya bar masa: kada ka kuskura ka hau da abinci. Mai cikakken ciki gyangyaɗi yake yi, in ji tsohon, sannan duk abin da ya shiga sai ya nemi hanyar fita, ga shi ba a gina banɗaki a sama ba. Tsohon ya daɗe da rasuwa, dokarsa kuwa ta shekara goma sha tara da ranta.

Da sassafe Na Sama kan sha shayi kofi ɗaya, a tsaye. Matarsa ta miƙo masa kula, irin babbar nan da za ta iya riƙe ƙaramin gida, ya rungume ta a cikin bas, ya ajiye ta a ɗakin maigadi, ya hau. Ba shi da saukowa sai biyar na yamma. In ya sauko ba ya gaisawa da kowa. Zai zauna a bencin maigadi ya buɗe kula, shinkafa ce ko taliya, ga burodi na share gefe, ba zai ɗago ba sai ya ga fuskarsa a gindin kwano. Kafin bas ta bar unguwar ya yi barci, kwandasta ya san inda zai tashe shi. In ya isa gida matar ta sake ajiye masa wani, ya ci don kada ranta ya ɓaci. Ranta kuwa bai taɓa ɓaci ba.

Shekara biyu da suka wuce ƙishirwa ta fara damunsa, da kuma abin da ke biyo bayan shan ruwa, wanda ga mai zama a sama ba ƙaramar fitina ba ce. A gwajin shekara-shekara na kamfani, Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke da ɗan ɗaki a bayan ofis, ta tsikari yatsansa, ta dubi ɗan injinta, ta ce, "Baba, suga ne." Ya koma gida ya tara iyali ya sanar da su cewa daga yau shi da sukari kowa ya kama gabansa. Ya sa aka ɗauke gwangwanin daga inda idonsa zai kai. Ya riƙa shan shayinsa lami yana yamutsa fuska, yana duban masu zuba cokali uku da tausayi. A ganinsa ya gama biyan ciwon haƙƙinsa.

Gwajin bana ya fito da muni, Sista ta tura shi wurin likitan da ke duba ma'aikatan kamfanin. Ɗakin ƙarami ne, fanka na ƙara kamar za ta tsinko, mutane cike a bakin ƙofa. Shi kuwa Na Sama, shekarun iska da kukan inji sun cinye masa rabin jin kunnen hagu.

"Me kake ci, Malam?"

"Ba na shan sukari, likita. Shekara biyu ke nan."

"Ban tambaye ka abin da ba ka ci ba."

Ya zayyana masa, tun daga shayin safe har kwanon gida. Likita ya ajiye biro.

"Yini guda ba komai, sannan duk wannan a zama ɗaya? Malam, shinkafar nan da taliyar da burodin, da sun shiga ciki sukari suke komawa. Kai da kake gudun cokali, buhu kake juye wa jininka kowace yamma. Ka raba abincin nan. Ka ji ko? Ka raba shi kashi uku." Wani ya leƙo ya ce ana neman likita a ɗaki na gaba, likitan ya miƙe yana rubutu a tsaye. "Ga sabon magani, ƙwaya ɗaya da safe bayan ka karya. Nan da wata uku ka dawo. In abin bai sauka ba, ba zan sa hannu a takardar hawanka ba, gara in gaya maka tun yanzu."

Maganar ƙarshen ce ta shiga ta kunnensa mai lafiya, ta samu wuri ta zauna. Takardar nan ita ce tsani na gaskiya. In babu ita, ko ƙafa ɗaya kamfani ba zai bari ka ɗora a kan ƙarfen ba.

Bai gaya wa matarsa zancen takarda ba. Ya same ta a kicin ya ce, "Likita ya ce a raba abincina."

Ta juyo da ludayi a hannu. "A raba wa wa?"

"Bai faɗi suna ba. Kashi uku dai ya ce."

"Baban yara, asibiti ka je ko wurin wa'azi?"

"Ke dai ba ki san ilimin zamani ba."

"To in rage awo mana, tunda ya yi maka yawa."

"Bai ce a rage ba. Cewa ya yi a raba."

Kada a ga laifinsa da yawa. A gidan da ya tashi su goma sha ɗaya ne, in aka ce a raba abinci ma'ana ɗaya gare shi, kowa ya kawo kwanonsa. Bai taɓa jin an raba wa mutum ɗaya abu shi kaɗai ba.

Washegari da biyar ya buɗe kula ya ja layi biyu da cokali. Kashi ɗaya nasa. Na biyu ya tura wa maigadi, wanda bai yi tambaya ba, don shi a aikinsa abin da zai fita ake bincika, ba abin da zai shigo ba. Na uku ya miƙa wa Mai Tuta.

Mai Tuta shi ne idonsa a ƙasa. Shi ke tsayawa da jar tuta da usur da oba-oba, 'yar rediyon da ke haɗa su su biyu, yana cewa sauke, tsaya, hagu kaɗan. Shekararsu goma sha huɗu tare, rabin hirarsu zagi ce. Dogo ne, ga baki, ga tsoron bisa. In ƙwan fitila ya mutu a gidansa maƙwabci yake kira.

"Umarnin likita ne," in ji Na Sama.

Mai Tuta ya kai loma uku kafin ya amsa. "Allah ya ƙara wa likitan nan ilimi. In ka koma ka tambaye shi ko nama ma yana cikin rabon."

Kwanon gida ma Na Sama ya yanke shi, don kada ya ha'inci likita. Ƙwayarsa kuwa ba ya fashi, da ya kurɓe shayinsa lami sai ya haɗiye ta, tunda shayin shi ne karin kumallonsa. Duk Litinin kafin ya hau yakan biya ta wurin Sista ta tsikari yatsa. Lambar sugan ta fara sauka, har da gudu.

"Kai, Baba! Me ka canza?"

"Abin da likita ya ce nake bi."

"To ka ci gaba."

Abin da Sista ba ta gani ba shi ne ƙarfe sha ɗaya da rabi. Yakan fara da wani gumi mai sanyi a ƙeya, ko da rana na dukan gilashi. Sai yatsu su soma rawa a kan sandunan tuƙi, yatsun da suka saba ajiye tan biyu na kaya kamar ana ajiye ƙwai. Zuciya ta hau bugawa a maƙogwaro. Sai wani fushi mara dalili ya taso, ya ji in Mai Tuta ya ƙara cewa hagu kaɗan, zai sauke masa bulo a ka. Yakan watsa wa fuskarsa ruwa, ya ciji gefen hannunsa, ya rage gudu, har wajen ƙarfe biyu abin ya lafa ya bar shi kamar tsumman da aka matse.

Ya san ba lafiya ba. Amma wa zai gaya wa? In ya ce wa Sista jiri yake ji a sama, kafin ya rufe baki an sauko da shi. Shekararsa hamsin da biyu, bai iya komai ba sai wannan. Akwai mutum biyu a kamfanin da suka je kwas suka dawo da satifiket, kullum suna ɗaga kai suna duban akurkinsa kamar masu jiran gado. Ya kuma san ƙarshen waɗanda aka sauko da su: wata biyu a sito suna jera safar hannu, sai takardar godiya, sai zaman ƙofar gida, matarka ta zo da tsintsiya ta ce ɗaga ƙafa. Ga autarsa saura shekara biyu ta gama makaranta, ita da duk dogon benen da suka wuce da ƙawayenta sai ta ce musu babanta ne ya ɗora shi.

Sai ya yanke wa kansa cewa ciwon ne ke shure-shure kafin ya mutu, maganinsa a ƙara matsa masa. Ya rage kashinsa ya ƙara wa Mai Tuta. Mai Tuta ya sassauta bel, shi kuma ya kai nasa wurin mai gyaran takalmi aka ƙara masa huda.

Wata Lahadi da rana matar ta tsaya a kansa da kwano.

"Wandon nan naka ne kuwa? Baban yara, kullum ina dafawa, an ce maigadi har sheƙi yake yi, kai kana ƙarewa. Jiya sai da ka daɗe a ƙofa kana neman ramin makulli, ina jin ka."

"Ke likita ce?"

Tsawar ta fito da ƙarfin da bai yi niyya ba, abin da bai taɓa yi mata ba tun aurensu. Ta ɗauki kwanonta ta tafi. Ya tashi ya bi ta, da nufin ya juye mata komai, takardar da gumin da yatsun. Ya isa bakin kicin, ya ga bayanta, ya ga yadda take goge kwanon da ba a ci komai a ciki ba. Ya buɗe baki ya ce wai ina ta ajiye masa reza.

Ranar Larabar mako na shida, wajen sha biyu da kwata, yana ɗauke da damin rodi zuwa hawa na tara, inda mutum shida ke durƙushe suna ɗaurin ƙarfe. Gumin ya zo kamar kullum. Ya ciji hannu. Ya ɗago ya ga ƙugiya biyu, dami biyu, kuma bai san wanne ne nasa ba.

"Sauke a hankali," in ji oba-oba. "Sauke mana. Na Sama, barci kake yi?"

Hannunsa na dama ya ƙi jin magana. Da na hagu ya lalubo jan maɓallin tsayarwa ya danna da tafi. Inji ya yi shiru. Damin ya tsaya yana lilo a hankali bisa kawunan mutanen da ba su ma ɗago ba.

"Kwashe su," ya ce. Harshensa ya yi nauyi kamar na mashayi.

"Me ka ce?"

"Mutanen. Kwashe su."

Ya ji usur, ya ji Mai Tuta na ihu wai wuta ce ta ɗauke, kowa ya matsa daga ƙarƙashin kaya. Sannan muryar ta dawo ƙasa-ƙasa, babu wasa a cikinta.

"Mutumina, gumi kake yi? Hannu na rawa?"

"Uhm."

"Me ka ci yau?"

"Shayi."

"Da ƙwaya a kai?"

"Uhm."

"Innalillahi. Haka yayata take yi. Suganka ne ya faɗi. Akwai wani abu mai zaƙi a wurinka? Ko alewa ce?"

Da yana da ƙarfi da ya yi dariya. Shekara biyu yana korar zaƙi kamar ɓarawo, yau ana tambayarsa ko ya ɓoye shi a aljihu.

"To sauko."

Ya dubi ramin tsanin da ke tsakanin ƙafafunsa. Matakalan iyo suke yi. "Ba zan iya ba."

"Bari in kira Sista."

"Kar ka kira." Wannan kam ta fito sarai. "Don Allah. Kar ka kira kowa."

Na Sama ya jingina kai da gilashi. Gari ya yi nisa, motoci ƙanana kamar kiyashi, wani barci mai daɗi yana jan sa, irin wanda bai taɓa samu ba a kan katifa. Can sai ya ji tsanin yana amsa wani sauti daga ƙasa, kwal, kwal, da wani huci a cikin rediyo kamar na saniya.

"Yi magana, kar ka yi barci. Ni ne nake hawowa. Ni, wai. Allah ya isa tsakanina da shinkafar matarka."

"Kar ka dubi ƙasa."

"Wace ƙasa? Idona a rufe yake tun matakala ta goma. Faɗa mini sunayen 'ya'yanka."

Ya faɗa.

"Saura ɗaya, azzalumi. Biyar gare ka."

Ya lalubo na biyar da ƙyar. Mai Tuta ya sa shi ya faɗi na surukai, ya faɗi gine-ginen da suka yi tare, ɗaya bayan ɗaya, in ya yi shiru ya zage shi har ya amsa. Tsakanin zagi da zagi yana salati, yana yafe wa waɗanda suka ɓata masa, yana janye yafiyar ga wasu. Na Sama bai san tsawon lokacin ba. Daga baya aka ce minti ashirin da biyar ne. Murfin ƙasa ya ɗago, kan Mai Tuta ya ɓullo, hula a karkace, fuska ta yi toka. Ya zaro robar lemo daga cikin riga, da burodin da ƙirjinsa ya matse har ya koma kamar soso, ya kafa masa robar a baki.

Zaƙin ya bi maƙogwaronsa. Can ƙugiyoyin biyu suka haɗe suka koma ɗaya, hannun ya dawo nasa. Ya ci burodin hawaye na zuba, bai san na mene ne ba. Mai Tuta na zaune a ƙasa ya rungume ƙafar kujera, ya ƙi duban kowane gilashi.

"Sai ka sauke rodin nan," ya ce, "sannan ka san yadda za ka sauke ni."

Na Sama ya ajiye damin a inda babu kowa. Suka sauko, Na Sama a ƙasa yana kama idon sawun abokinsa yana ɗora masa ƙafa a kan matakala, ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya na tsaye a gindin tsani yana duban agogo. Mutum ne mai ladabi, amma motar kankare biyu na jiransa.

"Kusan awa guda ƙugiya a tsaye. Me ya faru?"

"Wuta ce, Injiniya," in ji Mai Tuta. "Wata waya ce ta saki a sama, na hau muka gyara."

"Kai? Ka hau?" Injiniya ya dube shi sama da ƙasa, ya girgiza kai, ya buɗe littafinsa ya fara rubuta waya. Na Sama ya ga hanya a buɗe. In ya yi shiru, gobe da bakwai yana sama, ko da alewa ce ya cika aljihu da ita. Sai ga masu ɗaurin rodin nan sun sauko za su ci abinci, su shida, suna yi wa juna tsiya a kan ƙwallo. Suka wuce ta gabansa suna cewa, "Sannu da aiki, Baba Na Sama."

"Injiniya," in ji Na Sama. "Ba waya ba ce. Ni ne. Kuma ba yau aka fara ba."

Mai Tuta ya yar da tutarsa a ƙasa. "Ka sa na hau a banza."

A ɗakin Sista aka zaunar da shi a kan gadon gwaji, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba. Ta tsikari yatsa, ta ba shi biskit, ta jawo kujera.

"Likita ya ce ka raba kashi uku. To. Ƙarfe nawa kake cin na farko?"

"Biyar."

"Biyar na yamma? Na biyun fa?"

"Na maigadi ne."

Sista ta ajiye biro. "Na wa?"

"Na ukun nawa ne," in ji Mai Tuta daga bakin ƙofa, a hankali.

Ta dubi wannan, ta dubi cikin wancan, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Da ta ga fuskar Na Sama sai dariyar ta koma.

"Baba, kai za ka ci duka ukun. Lokaci za ka raba wa, ba mutane ba. Ɗaya da safe kafin ka haɗiyi ƙwaya, ɗaya da tsakar rana, ɗaya da yamma, shi ne ma ya kamata ya fi ƙanƙanta. Da can kana yi wa jininka ambaliya, yanzu ka sa masa fari, kuma duk biyun ba ya so. Ƙwayar nan da kake sha a kan shayi, aikinta ta kwashe sukari daga jini, ba ruwanta da ko akwai ko babu. Ni ma da laifina. Na ga lamba na sauka, ban tambaye ka ta wace hanya ba."

"Amma ai ba a cin abinci a sama."

"Wa ya ce?"

"Maigidana da ya koya mini aiki."

"Yana ina?"

"Ya rasu."

"To Allah ya jiƙansa. Kai muke da shi yanzu."

A yammacin ranar ya gaya wa matarsa komai, yana zaune a bakin gado yana duban yatsun ƙafarsa. Da ya gama cewa ta yi, "Mako shida ina ciyar da maigadi." Sannan ta fita tsakar gida, ya ji tana fyace hanci.

Likita ya canza masa ƙwaya, ya riƙe takardar. Kamfani ya mayar da shi ƙasa yana ɗaura wa kaya sarƙa, aikin da ya bari tun yana da baƙin gashi. Ɗaya daga cikin masu satifiket ya hau. Na Sama na ji yana gani kaya na lilo a sama kamar shanya, yana cije leɓe, in an taka birki da ƙarfi sai ya dafe ƙugu kamar shi aka taka. Babbar kula ta koma saman kabad. Matar ta sayo ƙananan kwanuka masu murfi. Da safe sai ta ga ya haɗiye ƙwai da wake da ɗan burodi take miƙa masa magani. Da sha biyu ya zauna a inuwar bulo ya ci shinkafar da ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba, ganye ya fi ta yawa. Gumin bai ƙara zuwa ba. Ya daina barci a bas, har kwandasta ya tambaye shi ko lafiya. Maigadi kam gaisuwarsa ta ɗan yi sanyi.

Na Sama ya bi komai kamar magini mai bin igiyar awo, ba don yana son ganye ba. Kowace loma a wurinsa matakala ce ta komawa.

Da wata uku suka cika aka ɗebi jininsa don babban gwajin nan da ke tona abin da mutum ya yi watanni, wanda ba a yaudararsa da yunwar kwana ɗaya. Wannan karon matar ta raka shi, ta zauna ta gefen kunnen da ba ya ji, jaka a cinya, kamar mai jiran a ce wani abu ta rubuta. Likita ya dubi takarda ya ɗaga gira.

"Ka yi ƙoƙari, Malam. Wannan ya yi kyau ƙwarai."

"To a sa hannu, likita."

Likita ya juya biro a yatsunsa. "Sama dai a'a. Mutumin da sugansa ya taɓa faɗuwa da kaya a kan mutane, a inda ba mai isa gare shi sai bayan minti ashirin da biyar, ba zan mayar da shi can ba. Ko na sa hannu kamfani ba zai karɓa ba."

"Ai kuskuren ji ne. Ka ga yanzu ina ci a kan lokaci, ga ta nan, tambaye ta." Na Sama ya matso da kujerarsa. "Shekara biyu kawai, likita. Autata ta gama makaranta. Zan hau da abinci, zan hau da lemo, in ka ce in hau da Sista ma zan goya ta."

Likita ya yi murmushi, amma kai ya girgiza. Ya jawo wata takarda dabam ya rubuta a kai cewa zai iya tuƙa ƙugiyar mota, wadda ke sauke kaya daga manyan motoci a bakin sito. Matar ta karɓa kafin mijin ya ce wani abu, ta karanta sau biyu, ta tambayi likita ma'anar kowace kalma, ta ninke ta sa a jaka.

Ran Litinin aka miƙa masa makulli. Ƙugiyar motar tsohuwa ce, kujerarta ta ɓule, tana warin gas. Daga cikinta ana ganin mutane fuska da fuska, direbobi suna leƙowa ta taga suna tambayar ashana. Ya sauke siminti mota uku ba tare da buhu ɗaya ya fashe ba, ba wanda ya lura. A rufin ɗakin tuƙin akwai gilashi don direba ya riƙa ganin hannun ƙugiyarsa, ba damar rufe shi da kwali. Ta nan babbar ƙugiyar take wucewa, duk bayan 'yan mintoci, inuwarta ta share cinyarsa ta tafi.

Da sha biyu ta buga akwai sauran lodi ɗaya. Mai sito ya ɗaga masa hannu, ya nuna motar. Na Sama ya kashe inji.

"Ya jira," ya ce.

Ya ɗora ɗan kwanon a cinya, ya buɗe, ya sunkuyar da kai ƙasa sosai, ya fara ci.